Azumin da Ƙishɗar Baba Ta Ba Ni Ruwanta

Ƙishɗar Baba ta nuna, ya jama'a. Jiya da ita muka sha ruwa. Kuma ni na haɗa furenta da hannuna, da wannan idon nawa na hagu da aka taɓa cewa sai dai addu'a. Tun da na saka hoton a gurup ɗinmu na makaranta wayata ba ta huta ba, kowa na cewa mabruk, amma mene ne abin tsalle a kan ɗan itace? To ku zauna. Gobe ina da jarrabawa, wallahi ko littafi ban buɗe ba, amma sai na faɗi wannan tukuna, halas, magana ta ƙare.

Wanda bai san ta ba, ƙishɗa ɗan itace ne kore, girmansa kamar dunƙulen hannun namiji, ɓawonsa kamar an bi an daddanna da babban yatsa. In ka tsaga, ciki fari ne tas kamar kindirmo, ɗanɗanon tsakanin ayaba da abarba, sai ƙwallaye baƙaƙe masu sheƙi. A waya za ku ga ana ce mata cerimoya. Kaka kuwa har gobe gwandar dajin Larabawa take ce mata. Bishiyar kan dutse ce, sanyi take so. Baba ya san ta tun yana saurayi, lokacin da ya yi aikin gona a duwatsun kudu, kafin ya dawo Jidda ya kama aiki a shagon yadi a Bab Makka. Ina rarrafe ya je can ziyara, ya dawo da ƙwallayenta cikin gwangwanin madara, ya shuka ɗaya a rabin durom a saman benenmu na Ammariyya. Duk wanda ya hau ya gani sai ya yi dariya. Wani abokinsa ya ce, "Malam Isa, wannan ai kifi ka ɗauko ka ajiye a kan rairayi." Baba ya ce, "Ni ma haka aka ɗauko ni, ga ni nan."

Azumin bana ai hutu ne. Iska na kaɗowa daga teku, da asuba har sai ka ja mayafi, kafin ka ce ƙishirwa an kira magariba. Yaran gidanmu na cewa sun wahala, ina kallonsu kawai. Ni azumin da na sani shi ne wanda ya faɗo tsakiyar bazara, ina 'yar shekara takwas.

Zafin Jidda ba irin na Damagaram ba ne da Kaka ke ba mu labari. Can zafi ne busasshe, gumi na fitowa iska na shanye shi. Namu jiƙaƙƙe ne, ruɗuba. Ka saka riga ta manne maka a baya, bango na gumi, matakala na gumi, in ka buɗe ƙofa sai ka ji kamar an kifa maka tukunyar shinkafa a fuska. Ku riƙe wannan, domin a nan duk abin ya samo asali.

A cikin wannan watan kuma aka ɗauke mana ruwa. Ka murɗa famfo ya yi tari, ya huro maka iska mai zafi, shi ke nan. Tankin gidan ya ƙafe har yara na leƙawa su yi ihu su ji amsa. Sai dai wayit, motar ruwa, ita kuma sai maza sun je can nesa sun yi layi a rana, da azumi a baki, wani ya wuni ya dawo hannu rabbana.

Gidanmu mu huɗu ne a lokacin: Baba, Umma, Kaka wadda ta haifi Baba, sai ni da na ci sunanta. Shi ya sa Baba ke ce mini Ummi, ita kuma ta ce mini takwara. Ruwa kuwa Umma ce sarauniyarsa. Na sha, wanda ake sayowa a baƙala, shagon bakin layi, yana ƙarƙashin gadonta. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake wanke kwanuka, in ya yi baƙi ya tafi banɗaki. Alwala a cikin roba, kar ɗigo ya taɓa ƙasa. Wanka buta ɗaya, kai da dabararka. Wanki ya taru a lungu yana tsami. Kafin azahar Umma ta saka abaya ta bi ta lunguna zuwa wani gida a Bagdadiyya inda take girki, sai bayan isha ta dawo da ragowar shorba da sambusa. Baba ya tafi shago bayan la'asar. Kaka ta dama kunu, ta rufe shi da faifai. Ni kuma ina azumin rabin rana, ina kwance rub da ciki a kan siminti ina neman inda ya fi sanyi, ina lasar leɓe.

Ruwa ɗaya ne ba ya ƙarƙashin ikon Umma: na jarka shuɗiya. Tsohon mukayyif ɗinmu, wato AC, irin na taga mai ƙara kamar injin markaɗe, yana ɗigar da ruwa ta baya. Baba ya jona masa tiyo zuwa cikin jarkar nan, ɗis, ɗis, dare da rana. Ya ce ƙishɗa ba ta son gishiri, ruwan wayit ƙona mata saiwa yake, wannan kuwa ba gishiri a ciki. Kullum da sassafe ya ɗauke ta ya hau sama, ya zuba a hankali, ya gyara tsohon yadin da ya ɗaura mata don inuwa.

Umma ta ce, "Mutane na taimama, itace na shan mai kyau."

Baba ya ce, "Ke in kin ji ƙishi kina iya faɗa. Ita fa?"

"To ka sa mata suna mana, a yanka rago."

"Bari ta haihu tukuna."

A bazarar nan ta fara fure, karon farko. Furen ba wani kyau gare shi ba, kore-kore ne, yatsu uku masu kauri, yana rataye kansa ƙasa. Baba ya ce shi wannan fure yau mace ne, gobe namiji. Ranar farko ya ɗan buɗe baki kaɗan yana jira. Washegari da yamma ya buɗe duka ya saki garinsa, amma a lokacin ya daina karɓa. A can kan dutse ma da hannu suke haɗawa, balle nan da ko ƙwaron da zai shiga ciki babu. Sai ya ƙwace burushin zanena na makaranta, ya samo 'yar kwalbar turare da ta ƙare. Kafin ya tafi shago ya kakkaɓe garin a kwalba, da sassafe ya nemo masu ɗan buɗe baki, ya tura burushin can ciki ya murza a hankali. Ni ce mai riƙe kwalba.

"Ummi, kar ki yi numfashi da ƙarfi, za ki hure mini dukiya."

Yawancinsu sun zube. Amma wasu sun kama, suka zama 'yan ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Baba ya dinga hawa yana leƙa su, har magana yake musu. Ya ce in sanyi ya shigo zan ci abin da ban taɓa ci ba.

Sai ƙwarƙwata ta shigo labari. Ba ruwan wanke kai, kitso ya yi makonni, ga gumi. Na dinga susa har kaina ya yi ƙuraje. Kaka ta kan kwantar da ni a cinyarta ta yi ta farauta da farce, ƙas, ƙas, amma kamar ƙara su ake. Umma ta ce a aske kawai. Na yi ta kuka, Sallah ta matso, duk yaran layinmu za su yi kitso da 'yan duwatsu. Kaka ta ce, "Ba mai aske mini takwara ana jibi-jibin Sallah. A gida ƙwallon gwandar daji muke dakawa da mai, kwana ɗaya an gama da su." Umma ta ce nan ai babu gwandar daji. Kaka ta ci gaba da farautarta. Amma na ga inda ta kalla: saman kwaba, inda gwangwanin Baba yake.

Ranar da abin ya faru, Baba ya ba itacensa ruwa kaɗan ya bar sauran don gobe, ya tafi layin wayit tun da asuba, don maƙwabta sun ce yau shi ne zai tsaya wa gidan. Umma ta tafi aiki. Kaka ta sauko da gwangwanin, ta zuba ƙwallayen a ɗan turminta na yaji, ta daka su lukui, ta kwaɓa da man gyaɗa. Ta tsefe ni ta shafe kan tas, ta ɗaura mini leda, ta ja ni sama ta zaunar da ni a rana kusa da durom ɗin.

"Zauna nan. A gida haka muke yi, rana ke ƙarasa su."

A gida, ya'ni Damagaram, inda gumi ba ya gangarowa. Ba ta taɓa yi a Jidda ba.

Ban daɗe ba na ji kan ya cika da ruwa a cikin ledar. Sai ya fara silalowa ta goshi, mai ɗumi, mai maiƙo. Na sa bayan hannu na share, ashe shafa shi na yi. Ɗigon farko da ya shiga idona na hagu, ban san da me zan kwatanta muku ba. Barkono wasa ne. Kamar an ɗauko garwashi an tura an kuma danne. Na murza da hannu biyu, sai na dama ma ya kama. Na miƙe zan gudu na ci karo da durom, na faɗi, siminti ya ƙona mini gwiwa. Ihun da na yi har yau Kaka na cewa tana jinsa a kunne.

Ta hauro da gudu, tsohuwar da kullum sai ta huta a tsakiyar matakala. Ta fizge ledar, ta sa zaninta ta goge kan, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mini goshi tamau don kar wani ya ƙara gangarowa. Ta ja ni ƙasa. Na ji ta jawo gorar ruwan buɗe-baki daga ƙarƙashin gadon Umma ta tuttula mini. Kafin in ji wani sauƙi ta ƙare. Ta murɗa famfo, ya yi tarinsa. Ta duba buta, ta duba roba. Ba ko ɗigo. Sai ƙarar jan abu mai nauyi a ƙasa.

Ina cikin azaba amma na gane ƙarar. Na ce, "Kaka, na ƙishɗa ne. Baba zai yi faɗa."

Ta ce, "Ubanki ni na haife shi. Buɗe idon."

Ban iya ba. Ta danne ni da gwiwa kamar za a yi wa akuya ɗure, ta sa yatsu ta buɗe fatar da ƙarfi, ta dinga kwarara, hagu, dama, hagu, hagu, tana salati, ruwa na shiga mini hanci da baki. Ba ta tsaya ba sai da na ji jarkar ta yi ƙarar wofi.

"Me kike gani, takwara?"

Na gwada. Idon ya kumbura ya rufe kansa. In na tilasta sai haske ya soke ni kamar allura. Na ce, "Ja kawai, Kaka. Ban ganin ki."

To a nan sai na faɗa muku wani abu. A lokacin Baba kaɗai ke da iƙama, wato takardar izinin zama, a gidanmu. Kaka umra ta zo shekarar da aka haife ni, ta zauna. Tun daga nan iyakarta baƙalar bakin layi da masallacin unguwa. Babban titi ba ta taɓa tsallaka shi ba. Kuma a watan nan kullum da labarin kame: an ɗauki wance a bakin hanya da kwanon miya a hannu, an ɗauki wane da kayan aiki a jiki, ba sallama da kowa. Waya kuwa ɗaya na hannun Baba, ɗaya na hannun Umma. Kaka ta sauka ta buga ƙofar maƙwabta, ta buga, ta buga. Ba wanda ya buɗe. Ba mugunta ba ce. A watan nan in aka buga maka ƙofa da rana tsaka, shiru kake yi ka toshe bakin yara.

Ta dawo ta tsaya a kaina. Na ji ta zura abaya. Ta durƙusa ta ce, "Hau." Ƙatuwa da ni, ƙafafuna na reto har gwiwarta, ta goya ni da zani, ta lulluɓe mini fuska da jiƙaƙƙen ɗankwali.

A ƙofar gida ta tsaya. Ta ce, "Takwara, mustausaf ɗin nan, asibitin da ubanki ya kai ki allura, ni ban san hanya ba. Ke kin sani, ni ina gani. Sai mu haɗa."

Haka muka yi tafiyar. Kun san Jidda da rana a azumi: gari a mace, shaguna a rufe, ko kyanwa ta shige ƙarƙashin mota. Duk mai motsi a titi, daga nesa ake hango shi. Ina jin takalminta na mannewa da kwalta yana ɓanɓarowa. Bayanta ya jiƙe sharkaf, zuciyarta na buga mini a ƙirji kamar tawa ce.

"Me kike gani, Kaka?"

"Shago mai koriyar ƙofa, da hoton kaza."

"Wuce shi. In kin ga masallaci mai ƙaramar hasumiya ki yi dama."

"Ga wani gini da rubutu ja."

"Na magani ne, ba shi ba ne. Miƙe."

Muka iso babban titi, na gane ta iskar da ta canja. Sai na ji mota ta rage gudu a gefenmu. Ba ta wuce ba. Tana tafiya daidai da mu, a hankali, ina jin tayoyinta na taka tsakuwa, ina jin zafin injin a ƙafata. Bayan Kaka ya sandare kamar katako. Ta daina numfashi, wallahi na ji ta daina. A raina na ce shi ke nan, za su tafi da ita, su ajiye ni a bakin titi ba na gani, ba wanda zai san inda nake. Na cusa baki a kunnenta na ce, "Askarawa ne?"

Ta ce, "Rufe baki. Dama ko hagu?"

"Tsallaka."

Ta tsallaka a gaban motar nan, ba ta ƙara sauri ba, ba ta waiwaya ba. Can na ji motar ta ja ta tafi. Har yau ban san ko su wane ne ba. Na sha tambayar ta, sai ta ce wai ita ma ba ta kalla ba. Ban yarda ba.

Sanyin mustausaf ya buge mu a ƙofa, har jikina ya ɗauki rawa. Na ji muryar namiji daga bayan kanta, irin muryar mai barci: "Iƙama?"

Kalmar da muka yi ta gudu ke nan, ga ta tun daga bakin ƙofa. Kaka ta kwance ni ta tsayar a gabanta, hannayenta a kafaɗata. Larabcinta na baƙala ne, na sayen albasa. Ta ce, "Ain awwal. Ba'den ana." Ido tukuna, sannan ni. Sai ta ƙarasa da Hausa, kamar zai ji: "Ga ni nan zan zauna, ba inda za ni. Ka kira wanda za ka kira. Amma a duba yarinyar."

Na ji ta ja kujera ta zauna daram. Ba abin da nake ji sai ƙarar mukayyif. Sai wani hannu mai sanyi ya ɗaga ɗankwalin daga fuskata, muryar mace ta ce, "La ilaha illallah. Yalla, yalla, ku shigo da ita."

Likita ce. Ta ƙara wanke idon, ta ɗiga wani abu da ya kashe zafin, ta haska, ta tambayi me ya shiga. Ashe Kaka ta ƙullo ƙwallaye a bakin zani, ta kwance ta nuna. Likita ta ce waɗannan guba ne ga ido, ba wasa ba. Ta ce wa ya wanke, da me? Na fassara. Ta ce da an tsaya neman mota kafin a wanke, da wata maganar ake. Na dama zai warke in sha Allahu. Na hagu kuwa ya ƙone a sama, a yi ta ɗiga magani, sauran sai addu'a. Ta rufe su da auduga, ta ce a tsare ni daga haske. Maganar iƙama ba wanda ya sake tayar da ita.

Lambar Baba na haddace, suka kira shi. Ya bar layin, saura kaɗan a zo kansa, ya taho a guje. Na ji shi ya durƙusa yana shafa fuskata, hannunsa na warin ƙarfe da rana. Sannan ya juya wajen uwarsa.

"Inna, ki sha ruwa. Kin sha rana, Allah ba zai kama ki da azumin yau ba."

Ta ce, "Bar ni da azumina. Shi kaɗai ya rage mini da zan yi roƙo da shi."

Sauran goman ƙarshe a duhu na yi su. A ranar Umma ta aske ni tal, ban ko yi gardama ba. Aka rufe taga da bargo. Ba ciwon ne ya fi damuna ba, tsoro ne. Na kan kwanta in yi ta ƙoƙarin tuna fuskar Umma, sai in ga hancin ya ɓace, in fara daga farko. Na kan tambayi kaina, shuɗi yaya yake ma? In na ji an buɗe kwalbar magani sai in kau da fuska, don duk ɗigawa sai an ce in gwada buɗewa, na dama ya ga inuwa-inuwa, na hagu ba komai sai fari kamar an shafa madara a gilashi. Ina jin Umma na kuka a banɗaki tana buga roba don kar a ji. Ina jin carbin Kaka a gefen katifata, ba ta matsawa. In an sha ruwa in ji ana ce mata ta ci, ta ce ta ci.

Wayit bai zo ba sai bayan kwanaki, tunda Baba ya rasa layinsa. Duk abin da mukayyif ya ɗiga, Umma ta tafasa, a goge mini fuska, a yi alwala da saura. Na ce, "Baba, 'ya'yan ƙishɗa sun girma?"

Ya ce, "Suna nan, Ummi. Suna jiran ki."

Ana gobe Sallah aka mayar da ni. Baba ya ce Kaka ta zauna a gida, ta riga ta gwada sa'arta sau ɗaya. Ta ce ai yanzu ta san hanya. Likita ta rage hasken ɗakin, ta cire audugar, ta rufe mini na dama da tafin hannu. Ta ce in buɗe na hagu a hankali. Farin nan yana nan, amma ya yi sirara, kamar labule. A bayansa wani abu baƙi na motsi, yana matsowa, har na ji numfashinsa.

"Me kike gani, takwara?"

Na ƙura. Layuka suka fito ɗaya bayan ɗaya, a kumatu.

Na ce, "Tsagen fuskarki. Kuma kin rame, Kaka, kin yi muni."

Ta ce, "Ja'ira." Sai ta zame daga kan kujera ta kifa goshinta a ƙasa a nan gaban likita. Baba ya fita waje, wai zai amsa waya. Ba wayar da ta yi ƙara.

Da safen Sallah, da ƙwaryar kaina da baƙin tabarau, na lallaɓa na hau sama. Iska ta yage yadin inuwa. Ganyen duk ya murɗe ya zube, sai tsirarun rassa. 'Ya'yan nan na Baba suna ƙasa, baƙaƙe, busassu, kamar kashin awaki. Na tsince su a hannu na sauko ina kuka. Baba ya karɓa ya duba, ya ce, "Ƙishɗa ta biya abin da ya fi su." Ya sare rassan har kusa da gindi. Gwangwanin kuwa da kansa ya kai shi bola. Bai taɓa ce wa Kaka uffan a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Ƙwarƙwata dai sun mutu, gaskiya ɗaya ce.

Da sanyi ya shigo kututturen ya tofo. Wa ke ba shi ruwa? Kaka. Kullum da safe ta ja jarkar nan matakala bayan matakala, ba ta bari a taya ta, har ranar da gwiwa ta ce halas. Bishiyar ta dawo, ta dinga fure duk bazara, yana buɗewa yana zubewa. Baba bai sake ɗaukar burushi ba. In na tambaya ya ce ba lokaci. Takardu kuma Allah ya rufa asiri, daga baya komai ya gyaru, ga ni har ina makaranta. Idon hagu ya bar ɗan hazo a gefe, shi ya sa kuke gani na da gilashi, masu ce mini ustaziya ku ji dalili.

Bazarar da ta wuce na hau shanya, na ga furen ya rataye, wasu sun ɗan buɗe baki. Na sauko na ce, "Baba, ina kwalbar?" Ya kalle ni ta saman tabarau, don yanzu shi ne ba ya ganin ramin allura. Ya ce, "Kin tuna yadda ake yi?" Na ce yau mace, gobe namiji. Ashe kwalbar na nan cikin akwatinsa, har da burushin. Muka hau tare. Wannan karon shi ne mai riƙe kwalba. Na kanne idon dama da gangan, na saita da na hagu, don taurin kai kawai. Ya ce, "Ummi, a hankali." Na ce, "Baba, kar ka yi numfashi da ƙarfi."

Da yawa sun zube, kamar da. 'Yan kaɗan suka riƙe. Jiya ɗaya ta yi laushi, Umma ta tsaga ta a faranti, ana kiran salla muka sa hannu. Wallahi daɗin marra, daɗi na ƙarshe, ba zan ma iya faɗa ba. Baba ya tauna ya rufe ido. Ni kuma ina cikin lumshe nawa sai na ga tafin hannu a gaban bakina.

Kaka ce. Ta ce, "Tofa nan."

Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, har Baba da furfurarsa, ta karɓe ƙwallayen kaf, ta duba ƙarƙashin faranti ko wani ya ɓuya. Ta ƙulle su a tsumma ta miƙa masa.

"Ka shuka ko ka zubar. Amma kar a bar su inda tsohuwa za ta gani."

To shi ke nan labarin hoton. Don Allah ku tura shi gaba, musamman gurup ɗin iyaye mata, wanda kuma yake da kaka a gida ya karanta mata da baki. Ƙwallon ƙishɗa da danginta, gwandar daji ko fasadabur, kar a daka a sa wa yaro a ka. In kuma ya riga ya shiga ido, a wanke, a yi ta wankewa da duk ruwa mai tsabta da ke gidan, ko na wane ne, a tafi wajen likita a lokacin. Ku tura. Ni na tafi karatu.